Hedifon mai buɗaɗɗen baya, mai rufaffe, ko na cikin kunne: wanne za ka saya?

Daren farko da na ɗora Sennheiser HD 600 a kaina, an kawo wuta, unguwa ta yi tsit, ko mai shagon bakin layi bai tayar da injinsa ba. Na kunna wani kiɗan gargajiya da aka ɗauka da kyau a situdiyo, wanda na ji ya fi sau ɗari a mota da waya. Sai ga makaɗan sun rarrabu a kunnena: mai kalangu a hagu, mai ƙaramar ganga can baya kaɗan, 'yan amshi kuma ina jin jan numfashinsu kafin su karɓa. Har ƙarar igiyoyin kalangun ina ji idan makaɗin ya matse shi da hammata. Ban kwanta ba sai wajen ƙarfe biyu.

Washegari aka ɗauke wuta, maƙwabcina ya tayar da janareta. Na sa hedifon ɗin, na kunna kiɗan jiya, amma duk abin nan da ya hana ni barci ya ɓace. Rurin injin ya shigo kunnena kamar ban sa komai ba. Na yi ta ƙara murya har kaina ya fara sarawa, sannan na cire.

Na yi shekaru cikin wannan sha'awa, na saya, na sayar, na yi musaya, na ara a wurin abokai, amma babu abin da ya koya mini kamar waɗannan darare biyu. Mai shirin sayen hedifon na kirki yakan fara da tambayar wanne ya fi daɗin sauti. Akwai tambayar da ta kamata ta riga ta: a ina za ka zauna ka saurara, kuma me ke ƙara a kusa da kai a lokacin? Amsar nan ce za ta raba maka gardama tsakanin mai buɗaɗɗen baya, mai rufaffen baya, da ƙaramin da ake cusawa cikin kunne.

Mai buɗaɗɗen baya shi ne wanda bayan kofinsa raga ce, iska na shiga tana fita. Kamfanin Sennheiser na Jamus ne ya fara fito da irinsa a 1968, da HD 414. Hikimar ba ta da wuyar ganewa. Fallen da ke kaɗawa ya ba da sauti yana tura iska gaba da baya. Idan an toshe bayan, sautin baya ya bugi murfi ya dawo ya gauraya da na gaba, shi ya sa rufaffen hedifon mara kyau yake sa ka ji kamar ka zura kai cikin randa. Idan an bar bayan a buɗe, sautin ya fice abinsa, abin da ya rage a kunnenka ya zama sakayau, kamar kana zaune a tsakar gida ana kiɗa a gabanka.

HD 600 ya fito a 1997, har yau ana ƙera shi, kuma har yau da shi masu wannan harka suke auna sauran. Nauyinsa giram 260 ne, juriyarsa ga lantarki om 300. Gwanintarsa tana kan muryar ɗan Adam. Mai sauraren ƙira'ar Alƙur'ani, ko karatun malamai, ko waƙar baka, ko gurmi da goge, zai ji murya ta fito yadda Allah Ya yi ta, ba a kumbura ta ba, ba a ƙanƙance ta ba. Ban taɓa jin hedifon da ke fito da gunna da jan madda da taushi irin nasa a kusa da farashinsa ba. Rauninsa kuma a fili yake. Bes ɗin can ƙasa, wanda ake ji a ƙirji a kiɗan zamani, yana raguwa a wurinsa, don haka mai son afrobit zai ga kamar an rage gishiri a miya. Yana da matse kai idan sabo ne, sai an yi makonni yake sakewa. Ƙanensa HD 650 na 2003 ya fi shi kauri da laushi, kuma shi ne aka sake fitarwa a 2016 da sunan HD 6XX a kan dala 199, tare da kamfanin Massdrop. Tsakanin su biyun, wanda ka samu da sauƙi ka ɗauka.

Abin da ya fi ɗaure ni da wannan gida shi ne komai na jikinsa ana cirewa a sauya: igiya, matashin kunne, soson saman kai, raga, har lasifikar kanta. Kuma ka sani matashin nan ba ado ba ne. Idan ya yi shekara ɗaya ko biyu ya lotsa, kunnenka ya matso kusa da lasifika, sautin ya dushe. Na taɓa zaton nawa ya tsufa ne, ina shirin rabuwa da shi, da na sa sabon matashi sai ya dawo kamar ranar da na buɗe kwalinsa. Matashin nasa na yadi ne mai laushi, iska kuma tana ratsawa, don haka ko a zafin Afrilu ana iya awa biyu da shi.

Abokin takararsa na gaske a wannan farashi shi ne Hifiman Sundara, wanda ya sauko zuwa kusan dala 300. Ƙirarsa daban ce. Maimakon naɗin waya da ke tura ɗan mazubi, shi wani siririn falle ne mai faɗi, an shimfiɗa masa hanyoyin lantarki, an sa shi gaban jerin maganaɗisu, duk fallen yana motsi tare. Wannan ya sa bes ɗinsa ke sauka ƙasa sosai ba tare da ya ragu ba, kuma kayan kiɗa suna fitowa a rarrabe tsaf. Sai dai ya fi nauyi, giram 372, ya fi cin wuta, kuma murya a cikinsa ba ta kai ta HD 600 ɗumi ba. Idan rabin abin da kake ji murya ce, tsaya kan Sennheiser. Idan ganga da bes na zamani ne abincinka, Sundara zai fi ƙosar da kai.

Duk wannan yabo yana da sharaɗi guda: ɗaki mai shiru, kai kaɗai. Buɗaɗɗen hedifon ba ya tare komai, kuma wanda ke kusa da kai yana jin duk abin da kake ji. A ofis bai yi ba, a mota bai yi ba, a ɗakin da iyali ke barci bai yi ba.

Rufaffen baya an yi shi ne don aiki. Beyerdynamic DT 770 Pro, wanda ake ƙerawa a Heilbronn ta Jamus, ya cika situdiyoyi saboda sautinsa ba ya zubowa cikin makirufo lokacin da mawaƙi ke ɗora murya. Yana zuwa iri uku, om 32, 80 da 250, kuma na 80 ne ya fi dacewa da yawancin mutane. Jikinsa ƙarfe ne da roba mai tauri, zai jure faɗuwa da jefawa cikin jaka. Bes ɗinsa cike yake, amma samansa yana da tsini. Mai jin Hausa zai gane haka da wuri, don duk inda aka furta “tsa” ko “sa” ko “sha” sai ya ji ta tsikare shi, wasu suna so, wasu kuma ba sa iya rabin awa. Igiyarsa a manne take, ba ta cirewa.

Sony MDR-7506, wanda ya fito a 1991, shi ne na gidajen rediyo da masu ɗaukar sautin fim. Om 63 ne, wayar hannu ma tana ba shi isasshiyar wuta, ana naɗe shi, kuɗinsa wajen dala 100. Ba ya rufa wa faifai asiri, duk wata shuu ko ƙarar fanka da ta shiga makirufo zai nuna maka ita. Don gyaran murya na yarda da shi ɗari bisa ɗari, don hutawa da kiɗa bayan isha'i kuwa yana gajiyar da ni. Audio-Technica ATH-M50x na 2014 ya fi shi bes, igiyarsa tana cirewa. AKG K371 na 2019 shi ne ya fi su daidaiton sauti a kunnena, kuma da shi zan tura wanda sauraro kawai yake so, ba aiki ba.

Abubuwa biyu ne masu talla ba sa faɗa game da rufaffe. Na farko zafi. Matashin fatar roba, a garin da rana ke kai digiri 40, minti talatin ya isa ka cire ka ga kunnenka sharkaf, kuma gumin nan ne ke sa fatar ta fara ɓarewa tana manne maka a gemu da wuyan riga. Wanda zai sayi rufaffe ya nemi mai matashin yadi, kamar DT 770 na om 80 ko 250. Na biyu, rufewar tana tare hirar mutane da kukan yara, amma rurin janareta mai kauri yana ratsa ta kusan yadda yake ratsa buɗaɗɗe.

A kan na cikin kunne ne tunanina ya fi sauyawa. Da can ina yi masa kallon kayan bakin titi. Abin da ya faru shi ne, tun wajen 2012 wasu masu bincike a kamfanin Harman na Amurka, ƙarƙashin Sean Olive, suka riƙa zaunar da mutane suna gwada musu sauti ba tare da sun san wane hedifon ne ba, har suka fitar da ma'aunin da kusan kashi biyu cikin uku na masu sauraro suka fi so: yawan bes kaza, tsakiya kaza, sama kaza. Da ma'aunin ya fito fili, kuma na'urorin auna hedifon suka yi araha, sai ƙananan kamfanonin Sin irin su Moondrop, Truthear da 7Hz suka shiga ƙera iyafis, wato na cikin kunnen, masu daidaitaccen sauti a kan kuɗi kaɗan. Moondrop Chu II, na 2023, wajen dala 20 ne, jikinsa ƙarfe, igiyarsa tana cirewa. An ce araha ba ta ado, amma a nan ta yi. Na sha ba aboki ya gwada, ya cire ya tambaye ni dala ɗari nawa na saya.

Iyafis ba ya sa gumi, ba ya neman amfilifaya, wato na'urar ƙara wa hedifon wuta, yana shiga aljihun kaftani, kuma yana tare hayaniya fiye da yawancin rufaffun hedifon. Na kamfanin Etymotic, waɗanda ake turawa can ciki, kamfanin ya ce suna rage ƙara da fiye da desibel 35, desibel kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Sirrinsa duka yana kan 'yar robar bakin. Idan ba ta toshe kunnenka daidai ba, bes ya gudu, sautin ya zama kamar na gwangwani, kuma da yawan masu cewa wani iyafis ba shi da kyau robar ce ba ta yi musu ba. Ka gwada dukkan girman da ke cikin kwalin, ka kuma lura cewa kunnen hagu da na dama ba lallai girmansu ɗaya ba. Inda ya gaza shi ne faɗi. Kiɗa yana zama a cikin kwanyarka ne, wannan tsakar gidan da buɗaɗɗe ke ba ka babu ita. Akwai kuma waɗanda kunnensu ba ya jure a cusa masa abu, sannan dattin kunne yana toshe 'yar ragar bakin, gefe ɗaya ya rage ƙara, sai an riƙa sharewa.

Sauran na huɗu, wanda 'yan wannan sha'awa suke yawan raina wa, ni kuma na daina: mara igiya mai kashe hayaniya, irin Sony WH-1000XM4 na 2020 ko jerin QuietComfort na Bose. Yana da makirufo da ke jin ƙarar waje, ya haifar da kishiyarta, su kashe juna. Dabarar ta fi aiki a kan ƙara mai kauri da ba ta sauyawa, wato injin jirgi, mota a doguwar hanya, janareta. A ɗaki shiru HD 600 ya fi shi nesa ba kusa ba. A gefen inji kuwa shi ne sarki. Abin da za ka sa a lissafi shi ne batir, wanda ke rauni bayan 'yan shekaru kuma sauya shi ba sauƙi, alhali hedifon mai igiya na iya shekara ashirin.

Daga nan sai tambayar da ke cin aljihun mutane: idan na dala 300 ya yi daɗi haka, na dala 3,000 fa? Saman kasuwar nan ba shi da rufi. Sennheiser ya ƙera Orpheus guda 300 kacal a 1991, magajinsa HE 1 ya fito a 2015 a kan kusan yuro 50,000. Focal Utopia na Faransa ya fito a 2016 a kan dala 4,000, Hifiman Susvara kuma a 2017 a kan dala 6,000. Na Stax na Japan suna aiki da tsayayyen lantarki mai bolt 580, suna buƙatar akwatin wutarsu na musamman, kuma ba sa shiri da ƙura ko laima, abin da ya kamata mai zama inda hazo ke sauka wata uku ya yi tunani a kai.

Na ji wasu daga cikin manyan, kuma ba zan ce babu bambanci ba. Akwai. Filin ya fi faɗi, ƙananan sautuka sun fi fitowa. Amma tsallen da ke tsakanin iyafis ɗin da ke zuwa da waya da hedifon na dala 300 kamar daga ƙasa zuwa soro ne, wanda ke tsakanin na 300 da na 3,000 kuwa taki biyu ne ko uku. A 2017 wani mai bincike, Jeroen Breebaart, ya duba ma'aunin hedifon 283, ya tarar babu wata alaƙa ta kirki tsakanin farashi da yadda suke daidaita sauti. Ni kaina na taɓa tara kuɗi na sayi wani da ya haura dala 1,000, sautinsa ba laifi ko kaɗan, amma ya fi rabin kilo. Minti arba'in wuyana ya ƙage. Na lura duk dare hannuna tsohon yake kai wa, sabon yana cikin akwati, har na sayar da shi da asara. Tun daga nan nake duba nauyi kafin in duba komai, kuma duk abin da ya wuce giram 400 sai na sa shi awa guda kafin in yi ciniki.

Maganar amfilifaya da DAC, wato na'urar da ke juya lambobin faifai su zama sauti, a nan ne aka fi zubar da kuɗi a banza. Aikin amfilifaya shi ne ya ba hedifon isasshiyar wuta ba tare da ya ƙara ƙazanta ba. Iyafis da yawancin rufaffu ba sa buƙatar fiye da ɗan mahaɗin nan na Apple na dala 9, wanda ke haɗa hedifon da wayar hannu. Mai om 300 kamar HD 600 yana son ƙarin bolt, kuma ƙaramin mahaɗi mai ba da bolt 2 ya wadatar da yawancin mutane. Idan kana son na tebur, JDS Labs Atom da Schiit Magni sun yi suna a wajen dala 100, kuma sun ishi kusan kowane hedifon in ban da 'yan kaɗan masu cin wuta irin Susvara. Na tebur yana jiran wutar gida, kuma wuta mai hawa da sauka tana iya ƙona shi, ƙaramin mahaɗi kuwa daga batirin waya yake sha.

Wani gwaji ne ya rufe mini wannan babi. Muka daidaita ƙarar na'urori biyu da mita, ɗaya mai tsada ɗaya mai araha, abokina ya tsaya bayana yana sauya igiya ban gani ba. Kafin nan da na rantse cewa mai tsadar ta fi zurfi. Da ido ya fita daga lissafi, sai na koma canki-canka. Kunne yana ɗaukar wanda ya ɗan fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau, ido kuma yana ɗaukar wanda ya fi tsada. Amfilifaya mai kwalba ta zamanin da ita kam tana sauya sauti da gaske, tana ƙara masa kauri, kuma wanda yake son wannan launi ya san abin da yake saya. Igiyar azurfa ta dala ɗari biyu kuwa ban taɓa jin ta ƙara komai ba. Ka sayi igiya don ta daɗe kuma ba ta murɗewa.

Abubuwa biyu sun fi duk waɗannan tasiri, kuma kusan kyauta ne. Ɗaya asalin faifan. Tsakanin MP3 mai 320, wato mafi ingancin MP3, da FLAC, faifan da ba a rage masa komai ba, da wuya mutum ya bambance, amma waƙar da aka tura daga waya zuwa waya, aka matse ta sau biyar, hedifon mai kyau tona mata asiri zai yi. Ɗayan kuma ikwalaiza, wato manhajar ƙara ko rage wani sashe na sauti. Wavelet a wayar Android da Equalizer APO a kwamfuta suna ba ka damar ƙara wa HD 600 bes ɗin da ya rasa, ko ka rage wa DT 770 tsininsa, cikin minti biyar. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma gyara wanda kake da shi ya fi sayen wani sauƙi.

Akwai abin da nake so mai karatu ya riƙe da muhimmanci, don ba a sayar da shi a kasuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraren desibel 80 na awa 40 a mako, amma a desibel 90 awa 4 ne kawai. Abin da na yi a daren janareta, ƙara murya don in danne hayaniya, shi ne ainihin hanyar da ake lalata ji, kuma ƙwayoyin cikin kunne idan sun mutu ba sa dawowa. Hedifon mai kyau ya fi haɗari a nan, don ba ya tsagewa idan an ƙure shi, ba za ka ji alamar ka wuce gona da iri ba. Idan ka cire ka ji kunnenka yana wani siririn kuka, ka wuce.

To, ga yadda zan raba. Mai ɗakin kansa, mai sola ko unguwa shiru, wanda murya ce abin saurarensa, ya sayi HD 600 ko HD 6XX da ƙaramin mahaɗi mai bolt 2, ya tsaya nan. Mai aikin rediyo ko haɗa sauti ya ɗauki MDR-7506 ko DT 770, amma ya yi hattara, 7506 da M50x suna cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, duk wanda aka ba ka a rabin kuɗi ka bar shi. Mai yawan tafiya ko mai kwana kusa da inji ya sa kuɗinsa a mai kashe hayaniya. Wanda zai sayi na hannu ya gwada kowane gefe shi kaɗai da kiɗa mai bes, ya saurari ko akwai kakkarwa, ya kuma cire kuɗin sabon matashi daga farashin.

Wanda kuma bai taɓa shiga harkar ba, ko da dala 300 a hannunsa, ya fara da iyafis na dala 20. Ya yi mako biyu da shi a wuraren da ya saba zama, da faifan da ya fi sani, ya lura da abin da ke damunsa. Idan ƙuncin fili ne kuma ɗakinsa shiru, buɗaɗɗe yake nema. Idan cusawar ce kunnensa ya ƙi, rufaffe mai matashin yadi. Idan makonni biyun suka wuce babu abin da ya dame shi, ya riƙe sauran dala 280 ɗinsa.